Ranar Yanka

Yayana ya kamu da ƙwallon Amurka yana da shekara hamsin da 'yan kai, lokacin da sa'o'insa ke kamuwa da hawan jini. Wasa ne da masu shi ke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake yin sa, ita kanta ƙwallon ta fi kama da gwanda. Bai taɓa taka Amurka ba. Daga ɗakinsa na sama a unguwar Handsworth ta Birmingham, nan Ingila, yake tafiyar da wata ƙungiya da ba ta san yana duniya ba.

Tankaɗe da rairaya ne ya fi ɗauke masa hankali. Kowace shekara a ƙarshen Agusta ƙungiyar takan rage 'yan wasanta daga casa'in zuwa hamsin da uku. Kafin ranar, Yaya yakan rubuta hasashensa: wa zai tsira, wa za a sallama, wane gurbi ne har yanzu yake da rauni. Da Hausa yake rubutawa, saboda wani zaure na waya mai mutum tara, bakwai daga cikinsu ba sa buɗewa. Sai ya turo mini Manchester in duba, tunda ni ne malamin makaranta a gidanmu. Ranar ragewar ya raɗa mata suna "ranar yanka". Na ce mai karatu zai zaci rago ake nufi.

"Malam," ya ce, "kai dai gyara rubutu, ka bar mini ma'ana."

Shekara huɗu na yi ina gyara rubutu. A ta biyar aka sa ranar auren 'yarsa ta fari a watan Satumba. Hall ɗin da suka kama don taron mutum ɗari da ashirin yake ci, sunayen da aka tara kuwa sun haura ɗari biyu. Saƙon Agusta ya zo mini da takarda biyu, ta ƙungiya da ta biki, kuma tsarinsu ɗaya sak: suna, shekaru, lafiya, amfani. Sai jan layi, waɗanda aka yanka suna ƙasansa.

A ƙasan layin na ga Mama. Ba ita ta haife mu ba. Tsohuwa ce 'yar cocinmu tun can gida, wadda a gidanta na Levenshulme, a Manchester, muka sauka da muka zo ƙasar nan, shi wata takwas, ni fiye da shekara. Ita ta goya amaryar a bayanta lokacin da iyayen ke aikin shift dare da rana. Gefen sunanta Yaya ya rubuta: "Gwiwa. Ba ta jure tafiya. Ta yi zamaninta." Kusan kalmomin da ya rubuta ke nan a ɗaya takardar, gefen sunan wani ƙaton ɗan wasa da ya yi targaɗe.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Na same shi a kicin da takardun biyu a kan tebur, yana shan shayi kamar wanda ya gama aikin gwamnati.

"Yaya, Mama fa?"

"Na san za ka zo da wannan. Malam, ba da zuciya ake wannan aikin ba. Kujera ɗari da ashirin ce. Kowace kujera sai ka tambayi kanka me za ta kawo."

"GP ɗinka, likitan nan naka, me zai kawo?"

"Shi ya rubuta mini takardar da council, hukumar garin nan, ta karɓa."

"Fasto biyu fa? Aure nawa za a ɗaura?"

"In ɗaya ya makara fa? Ba a shiga kakar wasa da mutum ɗaya a gurbi mai muhimmanci."

Ya juya takardar ya nuna mini ƙarshenta, inda ya rubuta abin da ya rage ana buƙata: mai ɗaukar hoto, mota ɗaya, da gwanin suyar masa ta gaske. Sannan ya kai yatsa sama. Sunana ne na bakwai: mai gabatarwa, Hausa da Turanci, ba shi da madadi.

Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da suka tsaya kan gaskiya, na koyar da wasu ma. Abin da na yi a kicin ɗin nan shi ne na lura Yaya ya rubuta ainihin sunan Mama babu lanƙwasa a kan harafin ɗa. Na zaro biro na sa mata lanƙwasarta. Iyakar boren da na yi ke nan. Ya ce na gode, ya ƙara mini shayi, na sha.

Ni aka ɗora wa kai labarin. Ranar Lahadi bayan coci na bi titin Stockport zuwa gidanta, ina shirya jimloli a raina, ina goge su. Na tarar da ita ta ɗora ƙafa a kan kujera tana tsince wake.

"Ka zo gaya mini ba ni ciki," ta ce.

"Mama, hall ɗin ne..."

"Zauna, ɗan nan. Likitansa yana ciki. Fastoci biyu. Mai shagon nan da ke ba shi nama da sauƙi, da matarsa. Ƙanwar matar yayanka ta Leeds ba ta ciki, tunda mijinta ya rasa aiki."

Ta ci gaba da jerawa, ni kuwa takardar na aljihuna, na san abin da ke cikinta. Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Yaya a shekararsa mafi kyau mutum arba'in da 'yan kai ya canka cikin hamsin da uku, ya yi mako yana ba da labari.

"Kai kuma kana sama-sama," ta ce. "Me ka ce masa?"

"Na gyara masa sunanki."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To, madalla. Karatu bai tafi a banza ba."

Na ce zan fasa zuwa. Ta ce kada in yi wauta, yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba. Ban sake tayi ba, kuma na lura da saurin da na yi wajen yarda.

Ranar biki da safe ta kira ni in biya ta gidanta. Ta miƙo mini kula biyu cike da masa, ta soya su a zaune saboda gwiwar. Ta ce tun amarya na ƙarama ta yi mata alkawarin masar aurenta. Na ɗauke su a cinya har Birmingham, ƙamshin ya cika taragon.

Yaya na bakin hall da babbar riga da takardarsa a hannu. Ya buɗe kula ɗaya, ya ɗauki masa ya gutsura, ya lumshe ido.

"Ka gani ko, Malam?" ya ce. "Dama ita ce ta rage."

Ya ari birona ya soke masar daga jerin abin da ake buƙata. Na karɓi birona, na shiga na ɗauki makirufo na yi wa baƙi maraba da harshe biyu.