Sistar da ta ƙi buɗe ambulan ta biyu

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa. Mai gadin ƙofar baya na asibitin koyarwa ya ce da shigowarta yake gyara agogonsa. Takan wuce ɗakin haihuwa, ta wuce wurin ɗaukar hoton ƙashi, ta bi dogon barandan nan mai warin maganin wanke ƙasa har ƙarshensa, inda wani ɗan ɗaki yake mai taga ɗaya da fanka mai surutu. A jikin ƙofar an rubuta Sashen Bincike. Kafin ta ajiye jaka sai ta duba firjin da ake adana jinin gwaji, ta rubuta sanyinsa a takardar da ke manne a murfin. Sannan ta goge bencin da ke waje, ko da mai shara ta riga ta goge, ta ciro mabuɗin wani akwatin ƙarfe daga wuyanta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Ranar Alhamis mai zuwa za ta ajiye aiki.

Sista Ambulan ake ce mata, kuma sunan ya bi ta har ya danne na yanka. Ga wanda bai san dalili ba, bari in yi bayani yadda ita ta yi mini. In likitoci suka samu sabon magani, ba su da tabbacin ya fi wanda aka saba, sai su gwada. Cikin marasa lafiyar da suka yarda, rabi a ba su sabon, rabi a ci gaba da ba su na da, bayan shekaru a duba su waye suka fi samun sauƙi. Ba likita ke zaɓar wanda zai sha wanne ba, ba kuma mara lafiya ba. Ambulan ce ke zaɓa. An jera su a akwati, kowace a liƙe da lambarta. Wanda ya zo, a ɗauko ta sama a buɗe a gabansa, abin da aka tarar a ciki shi ne rabonsa. Ita ce mai riƙon akwatin.

Ba cutar da ba ta ratsa ta ɗakin nan ba. Masu sikila sun zauna a bencinta, haka masu ciwon suga da masu hawan jini. An yi binciken farfaɗiya, an yi na ƙoda, an yi na tarin fuka har sau uku. Likitocin da suka fara da ita suna ɗalibai yau furofesoshi ne, wasu da tumbi har ba sa ganin takalminsu. Sunayensu ne a saman takardun da aka buga. Nata, in an tuna, yana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, wurin godiya.

Ni kuwa da nake rubuta wannan jinjina, shekara goma sha biyu na yi ba na amsa gaisuwarta. Gara in faɗa tun yanzu, domin ba na so ta bar ɗakin nan ban nemi gafararta a gaban jama'a ba.

Bari in fara da abin da wasu suka gani. Mai shara, wadda ta kusa shekara ashirin tana share barandan, ta ce ba ta taɓa ganin mai korar kasuwarta irin Sista ba. Takardar yarda shafi huɗu ce, kuma sai ta karanta wa mutum ita kaf, a hankali, ta tsaya ta tambaye shi abin da ya fahimta. A ƙarshe ta ce, "Baba, kana iya cewa a'a. In ka ce a'a, ba abin da zai ragu a kulawar da ake maka." Wani dattijo ya taɓa cewa, "'Yata, ke so kike in shiga ko so kike in gudu?" Ta ce, "So nake ka san inda za ka sa ƙafa." Ya yi dariya ya tafi abinsa bai shiga ba, likitan da ke neman cika adadi ya kwana biyu yana cika yana batsewa.

Shi kansa babban likitan zuciya ya ba ni labarin da ba ya son a tuna masa. Yana sabon likita, ya ji tausayin wata mara lafiya, ya faki ido ya ɗaga ambulan saitin taga don ya hango abin da ke ciki kafin a buɗe. Sai ya ji an zare ta daga hannunsa. Sista ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Likita, in ka zaɓa wa waɗanda kake tausayi, me za mu gano a ƙarshe? Tausayinka za mu auna ko maganin?" Washegari ta sa aka riƙa naɗe kowace takarda da baƙar takarda kafin a liƙe. Har yau haka ake yi a sashen, kuma yawancin ma'aikatan ba su san mafarin abin ba.

Direban sashen kuma ya ce ita ta tsufar da shi. In mutum ya daina zuwa, ba ta yarda a rubuta "ya ɓace". Sai ta kira waya, in ba a ɗauka ba ta shiga mota, a bi lungu-lungu ana tambayar masu shago, har a samo shi ko a samo labarinsa.

To, ga nawa labarin.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce mai ɗakina ta haifi autanmu. Bayan wata biyu ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai uku. Aka ce ciwon zuciya ne irin mai biyo bayan haihuwa. Aka ce kuma ana gwajin wani sabon magani, in muna so mu je ɗakin ƙarshen baranda. Ni malamin makaranta ne, ina ganin na san komai, kalmar "sabo" kawai na ji na kama hannunta muka tafi.

Sista ta karanta mana shafi huɗun nan. Ta maimaita har sau biyu cewa ba wanda ya san ko sabon ya fi, yana iya fi, yana iya zama daidai, yana ma iya cutarwa. Mai ɗakina ta saurara da kyau, ta sa hannu. Ni ban ji komai ba, idona na kan akwatin. Sista ta ɗauko ta sama, mai lamba tamanin da bakwai, ta yage bakinta, ta warware baƙar takardar. Maganin da aka saba.

Na tashi na tura ƙofa. Na ce, "Sista, don girman Allah. Yara huɗu gare ta, ga na goye. Ajiye wannan ki buɗe ta gaba. Ba wanda ya gani."

Ta ce, "Malam, ni na gani."

Na ce, "In ƙanwarki ce fa?"

Ta dubi ambulan ta gaba har na ɗauka ta karaya. Sannan ta ce, "Akwai wata a kan benci a waje, ita ma da jariri a hannu. Ta gaba tata ce. Wallahi ban san abin da ke ciki ba, kuma ban san wanne ya fi ba. Da na sani, da ba mu zauna nan muna buɗe ambulan ba."

Mai ɗakina ta ja hannun rigata, ta ce, "Malam, zauna mana. Ka bar baiwar Allah ta yi aikinta." Har ta ƙara da zolaya, wai ni da nake kama yara da satar amsa, ga ni ina roƙon a sata mini.

Wata goma sha ɗaya ta yi tana zuwa duk ranar Talatar farkon wata. An kula da ita, ba zan yi ƙarya ba, ba maganin da aka hana ta cikin waɗanda aka sani a lokacin. Sista ce ke auna ta, ita ke riƙe mata jaririn in za a ɗebi jini. Sun shaƙu har nakan ji haushi. Wata safiya tana shirya wa yara kayan makaranta ta zauna a bakin gado ta ce bari ta ɗan huta. Ba ta tashi ba.

Kwana huɗu bayan nan Sista ta zo gidanmu. Na tare ta a bakin ƙofa na ce, "Kin zo ki rubuta ta a takardarki?" Ta ce, "Gaisuwa na zo, Malam. Amma in ka yarda zan rubuta. In ban rubuta ba za a ce ta ɓace, ita kuwa ba ɓacewa ta yi ba." Na faɗa mata ranar da lokacin, na rufe ƙofa. Ko ruwa ban ba ta ba.

Bayan shekara biyar aka kammala binciken. Ba dokar da ta ce sai Sista ta bi gidajen waɗanda suka rasu, amma ta bi su ɗaya bayan ɗaya, direba shaida ne. Ta same ni a ƙofar makaranta. Ta ce, "An gama. Sabon ya fi. Matan da suka sha shi sun fi rayuwa." Na ce, "Da kin buɗe ta biyun, da tana nan?" Wani zai ce mini kwana ne ya ƙare, ya rufe zancen. Ita sai ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ban sani ba. Wataƙila." Na juya na shiga aji, na tsaya gaban allo na kasa tuna abin da nake koyarwa.

Bara 'yar farinmu, wadda take da shekara goma sha huɗu ranar da uwarta ta rasu, ta haihu. Bayan sati shida na je duba ta na tarar da matasai uku a bayanta. Ban san yadda muka isa asibiti ba. Wata matashiyar likita ta duba ta, ta ja takarda ta rubuta magani. Na ga sunan, na gane shi. Na ce, "Likita, ba ambulan?" Ta ce, "Wace ambulan kuma, Baba? Ai wannan an daɗe da sanin shi ne ya fi. Kowa shi ake ba." Na tambaye ta ko ta san yadda aka yi aka sani. Ta ce an yi bincike, ta kira na gaba.

Na fita na bi barandan har ƙarshe, na zauna a kan bencin nan na yi kukan da ban yi ba shekara goma sha biyu. A nan na fahimci abin da Sista ta gaya wa likitan zuciya. Da ta ji roƙona, da ta ji na wani, ta ji na wata, da lissafin ya rikice, da har yau ana cewa wataƙila. Ta fito ta same ni. Ta zauna a ɗaya gefen. Can ta ce, "Tamanin da bakwai. Ba ranar da nake buɗe akwatin nan ban tuna ta ba."

Sista, ke ce kika riƙe amanar da ba mai ganinki sai Allah. Ke ce kika ɗauki fushin mutane irina kika kai gida, kika dawo da safe kika goge mana benci. Mai ma'auni ɗaya ga kowa, wadda ba ta iya ƙaryar rarrashi ba. Na san ba ni kaɗai na rufe miki ƙofa ba, kuma na san da yawanmu ba za su dawo su ce ki yi haƙuri ba. Ni na dawo. Ki yafe mini ruwan da ban ba ki ba.

Ranar Alhamis za a taru a yi jawabi, a ba Sista agogon bango, ta cire mabuɗin daga wuyanta ta miƙa wa wata. Ke da za ki karɓa, da ku likitoci masu tasowa, wata rana wani zai tura ƙofa ya roƙe ku da girman Allah, kuma zai zama yana da gaskiya a kukansa. Ku tausaya masa, ku zauna da shi, ku je masa gaisuwa in ta kama. Amma ku tuna da wadda ke kan benci a waje, da waɗanda ba a ma haifa ba tukuna.

Shekaranjiya na kai wa Sista 'yata da jikanyata. Ta karɓi yarinyar ta ɗora a cinya, idonta ya kawo ruwa, amma tambayar farko da ta yi ita ce ko uwar tana shan maganinta a kan lokaci. 'Yata ta ce tana sha. Ta hau matakalar asibitin nan da ƙafarta, hawa biyu, ba ta tsaya hutawa ba.

Na gode, Sista. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya jiƙan mai lamba tamanin da bakwai. Ita ta riga ni gane ki, tun ranar da ta ja hannun rigata ta ce in zauna.