Ranar Da Ordinater Ta Ce Babu Yayana

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, wannan abu ba zai fita raina ba. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina koyarwa a lekol ɗin Azarori. Yayana, ɗan farin Inna, ciwo ya cinye masa ido ɗaya, ya koma kan ɗayan. Inna ta kai shi asibitin mishan, aka ce wani likitan ido zai zo daga waje bayan girbi, kuma sai wanda sunansa ke cikin ordinater, wato kwamfuta, zai yi wa aiki. Yaya na zaune da magani a ido, Inna ta je ta ba da suna.

Da ranar ta zo ni na raka shi, don Inna na fama da ƙafa. Sakatariya ta buga sunansa na yanka cikin kalandar na'urar. Babu. Ta bincika saƙonnin da ake aika wa likitan. Babu. Ni kuwa da ma ba a taka ni in yi shiru. Na ce, "Madam, akwatin ga ya hi mu sanin ɗan'uwanmu ne?" Ta ce, "Mushe," wato Malam da Faransanci, "abin da anka ba shi, shi yaka maidowa." Na yi ta faɗa har maigadi ya leƙo. Yaya ya laluba ya kamo hannuna, muka koma gida.

Kafin damina idon ya rufe ruf.

Bayan nan na kai Inna asibitin a duba ƙafarta. Sakatariyar na ganinta ta ce, "Inna, ina ɗanki? Likita ya yi ta kira, ba ku zo ba." Na juya wajen Inna. Na ce, "Inna, wane suna kinka ba da?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na-Allah mana. Ni in kama sunan ɗan hwari gaban mutane?" Kullum ina jin sunan nan a tsakar gida, amma ko a mafarki ban zaci ya shiga ofis ba.

Sakatariya ta buga Na Allah, nan ma na'urar ta ce babu. Sai da ta sa ɗan karan nan tsakanin kalmomin biyu, sai ga shi ɓaro-ɓaro, har da ranar da muka tsaya gabanta. Innalillahi! Inna ta zame ta zauna ƙasa, ta ɗora hannu a ka, ko kuka ya ƙi zuwa.

Da Yaya ya ji, cewa kawai ya yi kada wanda ya ƙara tada zancen gaban Inna. Har ta rasu ba mu tada ba.

Abin da na koya shi ne, kunya adonmu ce a gida, amma na'ura ba ta san ta ba. Yanzu duk tsohuwar da na gani a layin asibiti da babban ɗanta, sai na matsa na ce, "Inna, bari ni in hwaɗi sunan."