"To, Na Ji" a Gaban Alƙali

Lokacin da na fara aikin lauya, shari'ar 'yan kasuwa takarda ce da sa hannu da hatimi. Yanzu waya ake miƙa wa kotu, a kunna muryar mutum kowa ya saurara. Na yi karatu a Khartum, na yi aiki a Landan da Duwala, na san yadda mutanen kowane gari ke ƙin abu ba tare da sun ce a'a ba. Amma kalmar da ta hana ni sukuni da furfurata ta gida ce.

Wani Alhaji Bakatsine mai sayar da tayil ya zo ofishina. A Mararraba yake kwana, shagonsa yana cikin Abuja. Mai ginin da shagon yake ciki ya kai shi ƙara, wai ya yarda zai tashi kafin wa'adin haya ya cika. Hujjarsa saƙon murya ɗaya: wakilinsa ya ce a tashi ƙarshen wata, Alhaji ya amsa, "To, na ji, oga."

Na ce, "Alhaji, me ya kai ka?"

"Barista, mutum ya yi magana, kunnena ƙalau, me zan ce masa?"

"Amma ka yarda?"

"Shagon da na tsufa a ciki? Kai da ka ce in zo ƙarfe takwas na ce na ji, ƙarfe nawa ka gan ni?"

Sha ɗaya ya zo.

A kotu tafinta ta juya maganar zuwa Turanci da ma'anar ya amince. Ban ga laifinta ba, a kasuwa ta koyi Hausa, kuma haka mutane da yawa ke ɗaukarta a garin nan. Na miƙe na bayyana cewa a wurinmu "na ji" kan zama ladabi, ko jan lokaci, wani sa'in ma ƙi ne a rufe. Lauyan mai gini ya ce, "Ya mai shari'a, in haka ne, ba Bahaushen da ya taɓa ƙulla ciniki." Har alƙali sai da ya murmusa.

Aka ɗage zama. Makonni na kasa zama wuri ɗaya. A mota, a ofis, a bakin masallaci, ina ta sake kunna saƙon. Tsakanin "to" da "na ji" akwai ɗan shiru da jan numfashi, kuma duk wanda ya tashi a Katsina zai gane ƙin yana nan. Na rasa yadda zan sa wannan shirun a takardar kotu. Na gwada da Turanci, na gwada a raina da Larabci da Faransanci, bai zauna ba.

Alƙali ya bi fassarar tafinta yadda aka rubuta ta. Alhaji ya kwashe tayil ɗinsa ya koma Masaka, can wajen Abuja, masu gine-ginen da ke saye wurinsa ba su bi shi can ba. Shagon ya tafi ke nan, kuma daga ranar bai ƙara amsa wa kowa maganar ciniki da baki ba, sai ya ce a rubuto.