Warin da ke Hannun Rigar Babana

Shekaranjiya da hantsi ina tankaɗen gari, sai wata mai sayen tsofaffin kwalabe ta wuce ta bayan katangata da buhu a ka. Ban ga fuskarta ba, ƙarar kawai na ji, kacau-kacau, kwalba tana bugun 'yar'uwarta. Na ajiye rariya na zauna, garin nan ban ƙarasa shi ba sai bayan azahar. Kai mai karatu, a wurinka ƙara ce kawai. Ni kuwa ina yarinya da ita nake gane babana ya dawo, tun kafin ya yi sallama.

A Filinge aka haife ni, a babban gidan da wan babana yake riƙe da shi. Baba Babba muke ce masa. Manomi ne na gaske, mai rumbuna uku, mutum mai kunya da kara, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ka riƙe wannan, domin ba mugu ba ne, kuma hakan ya fi komai ci mini rai. Babana shi ne ƙarami, shi ne kuma ya fita daban. Da samartaka ya tafi cin rani kamar sauran samarin ƙasarmu ta Kurfai. Su suka dawo da keke da rediyo, shi ya dawo bayan shekara bakwai da awartaki, da sandunan ƙarfe, da sana'a biyu da ba wanda ya aike shi koyo: zane da fenti, da narka kwalba. Ta biyun a ƙasar Nufe ya samo ta.

Fenti ne yake ciyar da mu. Manyan motocin da ke zuwa Abala da Yamai, da wuya ka ga wadda babu hannunsa a bayanta: zaki a kwance, rijiya da dabino, tsuntsu mai dogon bindi. Allunan masu aski ma shi yake zana su, kawuna shida a jere, kowanne da irin askinsa, kuma duk shidan, in ka lura, hancin Baba Babba ne da su. Inna takan ce wata rana sai an kama shi. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da wanke burushinsa da kananzir.

Amma zuciyarsa tana wurin murhu. A bayan gida ya gina shi, kusa da garken awaki, tulun laka mai baki ɗaya da zugazugi a gefe. Da an gama girbi, an ɗaure gero an kai rumbu, sai ya hura wuta. Yakan farfasa kwalba, ya ɗauki guntu a bakin sanda ya tura cikin wutar, yana juyawa yana juyawa har ta yi laushi kamar narkakkiyar alewa. Daga nan sai awartaki. Ya ja nan, ya matse can, kafin ka farga zabuwa ta fito, ko raƙumi a durƙushe, ko awarwaro na mata. Sai ya binne su a toka mai ɗumi su huce a hankali, don in iska ta buge su da zafinsu, tsagewa suke yi. Yakan ɗaga wanda ya huce ya nuna wa rana, koren haske ya faɗo mini a tafin hannu. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba, har yau da furfurata.

To, ga inda masifar take. Ba kowace kwalba ke narkewa da 'yar'uwarta ba. In ka haɗa ta magani da ta turare, abin zai yi kyau a wuta, ya fashe a toka. Yana bukatar kwalabe masu yawa, iri ɗaya, launi ɗaya. A duk garinmu kuwa wuri ɗaya ne ake samun haka: gidan giyar da ke can ƙarshen gari, inda baƙin ma'aikata suke zuwa. Mai gidan yana tara masa waɗanda bakinsu ya ɓalle, waɗanda ba za a iya mayarwa ba. Babana yakan bi ta ƙofar baya don kada a gan shi, abin da ya sa duk wanda ya gan shi ya ƙara tabbata akwai abin ɓoyewa. In ya kawo su, sai ya zubar da ragowar da ke ciki a wani rami, ya wanke kowace sau bakwai da toka da yashi. Hannun rigarsa kullum a jiƙe yake.

Magana ta fara yawo a bakin rijiya. Wa ake ba kwalba kyauta in ba abokin ciniki ba? Ga idanu jajaye. Ga shi in ya taso daga gaban wuta bayan yini guda, jiri yana ɗibarsa. Ba wanda ya ce masa komai. A masallaci dai sahu ya riƙa yi masa faɗi ta dama da hagu.

Ina da shekara tara a lokacin, kuma ina da suna a gidan: yarinyar da ba ta ƙarya. Ina alfahari da sunan nan kamar sabon zane. Wata safiya babana ya tafi Tabla zanen wata mota, Baba Babba ya aika a kira ni zaure. Na tarar da shi da dattawan unguwa biyu a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe su.

"Taho nan, ɗiyata," in ji shi. "Kowa ya san ke ba ki ƙarya. In babanki ya komo da buhu nai, kina jin wani wari gare shi?"

"Ina ji, Baba. Mai tsami, kamar hura ta kwana uku."

"Idanu nai fa?"

"Ja wur."

"Shina tangaɗi?"

"Wani bi har sai ya dahe bango."

Dattawan suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya ba ni dabino biyu ya sa mini albarka. Na fita ina tsalle, na cinye dabinon a bakin ƙofa, har yau ina tuna zaƙinsu.

A wurinmu ba a fuskantar magidanci da irin wannan magana. Kunya ce, kuma a ganinsu alheri ne: a rufa wa mutum asiri, kada a sa shi ya amsa da bakinsa. Da babana ya dawo, ina bayan dangar kara na ji Baba Babba yana cewa, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙanena, ba mu son a tona magana. Ko ka rushe murhun ga, ko ka nemi wani gari." Bai ambaci giya ba. Babana ma bai tambayi dalili ba, domin ƙane ba ya ja da wansa. Sai kawai ya ce, "To, yaya."

Rushe murhun daidai yake da ya amsa laifin. Don haka ya ɗaure awartakinsa da gwangwanayen fentinsa, ya hau mota zuwa Baleyara. Mu aka ce mu zauna, kada yara su tashi suna ganin abin da bai kamata ba. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta daina waƙa in tana daka. Damina biyu suka cinye murhun, awaki suka ƙarasa sauran. Babana yakan zo da salla, ya kwana ɗaya, ya kawo mana atamfa da awarwaro. Ni ba na sa nawa. In ya miƙo hannu zai dafa kaina, sai in kauce. Na yarda da abin da aka ce, tunda ai ni na faɗa.

Sai da na yi aure na haifi biyu sannan na taka Baleyara, shi ma don an ce idanunsa sun fara mutuwa. Na same shi a wata rumfa bayan kasuwar dabbobi, ya rame, yana laluben kwalabe a cikin daro. Tausayi ya kama ni, na ce ya kawo in wanke masa. Na yini ina zubar da ragowa, ina cuɗawa da toka. Da la'asar na shiga motar gida. Matar da ke kusa da ni ta dube ni sama da ƙasa, ta ja mayafi ta toshe hanci, ta matsa. Na shinshina gefen zanena. Warin nan ne, mai tsami, ba ragi. Tun daga nan har Filinge hawaye nake yi, matar kuwa na san abin da take ayyanawa a ranta.

Mako na zagayowa na koma. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, zauren, dattawan, har dabinon. Ashe ya sani tun a ranar.

"Tashi, ɗiyata," ya ce. "Ke an tambaye ki, kin hwaɗi abin da hancinki yaj ji. Babu ƙarya ko guda ciki. Ni dai shekara ashirin ina jiran wani shi tambaye ni."

Sai a lokacin na farga. Ni ɗin ma ban tambaye shi ba.

Bai ga damina ta gaba ba. A Baleyara aka binne shi, cikin baƙi. Baba Babba ya zo da sandarsa, ya yi kuka na gaskiya, ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya yafe wa ƙanensa abin da suka rufe. A nan ne yarinyar da ba ta ƙarya ta yi shiru, don ban ga amfanin in kashe tsoho da nadama ba.

Yanzu komai a roba yake zuwa, motoci ma hoton da inji ya buga ake manna musu. Sai ga shi mutane suna tasowa daga Yamai neman raƙuman kwalba na babana, suna naɗe su a auduga. 'Ya'yan waɗanda suka nisance shi a sahu su ne suke nuna musu hanyar gidana, suna cewa ai ɗan garinmu ne. Baƙin sukan zauna da littafi da alƙalami su yi ta jero mini tambayoyi: wane gawayi, wace laka, daga ina koren nan. Duk ina amsawa. In sun tashi tafiya sukan ce kaico, da ma yana raye su tambaye shi da kansa. Nakan ce musu ai ya jira, shekara ashirin.