Albasar Da Ta Cinye Jirgin Babana

Malam Edita, ni ɗan masunta ne, daga wani ƙauye a bakin gulbi tsakanin Argungu da Augie. Sa'ad da abin nan ya faru ban wuce shekara goma sha biyar ba, ina aji biyu a makarantar gaba da elemantare a Birnin Kebbi, tun kafin a fara kwasar samari zuwa yaƙin Bama. Ba son boko ya kai ni ba. Hakimi aka ce ya ba da yara, ya ɓoye nasa ya miƙa ni. Amma da na sa farar taguwa na iya riƙe alli, sai na fara ganin duk mutanen garinmu jakuna ne, har da wanda ya haife ni.

Muna da wani malamin lissafi, saurayi, mai tabarau da keke, hannunsa sumul kamar na amarya. Bai taɓa ɗaukar kwando a kansa ba, amma shi ne wai zai koya mana yadda kuɗi ke haihuwa. Ya ce lissafin littafi matacce ne, na kasuwa za mu yi. Mu talatin, kowa ya kawo kwabo biyu, aka sami sule biyar, aka sayi albasa da bazara tana araha. Muka shanya ta kan karan dawa a barandar aji, iska na ratsa ta, kullum da safe yara biyu su juya ta su tsince mai laushi. Da damina ta yi nisa aka sayar sule goma sha biyu. Ya rubuta a allo, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ce talaucin iyayenmu ba komai ba ne sai rashin iya wannan. Muka yi ta tafi kamar ya raba gulbi da sanda.

Babana jirgi ɗaya gare shi. Da shi yake su, da shi yake fiton mutane ran kasuwa, da shi ake cin tuwo a gidanmu. Hutun bazara na gaba na zo da sileti na zaunar da shi kamar ɗalibina. Na ce jirgin zai yi fam huɗu, in an zuba a albasa zai koma fam tara da sule goma sha biyu kafin kaka, mu sayi sabo mu yi ragowa. Kawuna yana gefe yana ɗinkin homar kamun kifi, ya tuntsire da dariya, ya ce to akawun Nasara, albasar allo ita ma wari take yi ko kuwa? Na ce masa mutumin da ke ƙirga da tsakuwa ba shi da baki a maganar fam. Babana bai tsawata mini ba. Ya daɗe yana kallon siletin da ba ya iya karantawa, sannan ya ce tunda an raba shi da ni shekara shida, ai dole akwai abin da aka ba ni a can. Ya sayar da jirgin.

A kasuwar Augie na zaɓi albasa manya-manya masu sheƙi, don sun fi araha. Babana ya matsa wuyan ɗaya, ya ce ɗana, wannan an shayar da ita dab da cira, ruwa ne cikinta. Ya ce kuma sai an kafa mata rudu, wato rumfar kara mai ƙafafu da ake ajiye albasa iska na shiga ta ƙasa. Na buga lissafi na ga rudu zai ci sule uku, kuma a allon malam babu rudu. Na jibge ta a ɗakin ƙasa, na toshe taga don ɓeraye, na sayo kwaɗo na garƙame. Abin da ya fi ci mini rai har yau, makullin na rataya a wuyana na tafi da shi Birnin Kebbi, wai kada jahilai su taɓa mini jari.

Innata ce ta fara jin warin. Ta ce a fasa ƙofar, babana ya hana, ya ce yaron ya san dalilin da ya sa ya rufe, ƙila haka Turawa ke yi. Sai da baƙin ruwa ya fara malalowa ta ƙarƙashin ƙofa kawuna ya sa gatari. Abin da aka tsinto mai kyau, sule takwas ya yi. Da na dawo na iske babana, da furfurarsa, ya koma hawan gora a kan ruwa yana su da homa cikin sa'annin 'ya'yansa, ran kasuwa kuma yana tsaye a mafita yana kallon jirginsa na fito a hannun wani. Bai zage ni ba. Tambayata kawai ya yi ko na ci jarrabawa.

Na koma makaranta na gaya wa malam, ina zaton zai ji kunya. Ina! Idonsa ma haske ya yi. Ya ce lissafinsa daidai ne, albasar ce ta saɓa, kuma ga darasi ya zo har gida. Ya kira ni gaban aji, ya miƙo alli, ya ce in fitar da asara kashi nawa ce cikin ɗari. Na tsaya na rubuta jirgin babana a allo, yara na ƙunshe dariya. Na ce kashi casa'in. Ya ce madalla, ya ba ni goma bisa goma. Na ajiye allin na fita, ban sake komawa ba. Hakimi ya aiko dogari sau biyu, ya gaji ya bari.

Yanzu 'yan ajinmu akawuna ne a En'e, malam kuwa na ji an ƙara masa girma, yana can yana koya wa wasu yadda kuɗi ke haihuwa da albashinsa a aljihu. Ni dako nake yi a tashar mota, buhun albasa ma ina ɗauka. Ban ce lissafi ƙarya ne ba, ƙwaƙwalwata ce ta kasa gane cewa juyawar safe da iskar baranda su suka kawo ribar, kuma ba wanda ya rubuta su. Ku 'yan boko, in mai koya muku jari ba shi da abin da zai rasa, ku saurare shi don jarrabawa kawai. In tsohonku ya matsa wuyan albasa ya ce ruwa ne, ku rufe bakinku. Babana ya rasu bai sake mallakar jirgi ba, makullin nan kuwa yana nan cikin akwatina.