Ranar Da Na Tsaya Bayan Zana

A shekarun da soja suka rufe iyaka, ni ce mai tuwo-tuwo a bakin tashar Illela, kuma ni kaɗai ce a layinmu da ɗanta ke jami'a a Sakkwato. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa yi mini wayo ba, haka nake gaya wa kowa. Yaron ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, balle in zauna hira da shi. Kunya ce, haka muka gada.

Wani hutu ya dawo ya canza. Tuwo ya kwana a gabansa, wanka sai an yi faɗa, ya wuni kwance yana kallon rufin ɗaki. Na ce gajiyar karatu ce. Sai ga baƙi biyu, wani likita malaminsu da wata Baturiya, wai suna bin ɗaliban nan da na Nijar da na ƙasarta, suna auna ciwon damuwa. Na ce a raina, damuwa gero ce da za a zuba a mudu? Lokacin nan rabin gari na tsallaka kaya zuwa Ƙonni ta Nijar ta bayan gonaki, har da ƙanena. Na tabbata kwastan suka turo su. In ma ba haka ba, so suke su ce ɗana ya taɓu, a hana shi ɗiyar mutane.

Kafin ya fita zaure na aiki ƙanwarsa ta gaya masa, ɗan halak ba ya kai kukan gidansu waje. Sannan na tsaya bayan zana, inda zai riƙa ganin ƙafafuna. Suka tambaye shi barci, ya ce lafiya lau. Abinci, ya ce sai godiya. Da likitan ya sassauta murya ya tambaye shi ko yakan ji duniyar ta ishe shi, yaron ya dubi ƙafafuna a ƙarƙashin zana. Na yi gyaran murya. Ya ce alhamdulillahi. Baturiyar ta yi ta murna, wai yaranmu sun fi nasu ƙarfin zuciya. Likitan dai bai saki fuska ba, ya roƙi a bar shi da yaron su biyu. Na ce musu ga hanya nan, rana na yi.

Hutu ya ƙare bai koma ba. Ya sha rubutu, mun je gun masu magani a Amarawa, mun je na Araba. Sai da ya daina magana gaba ɗaya aka kai shi asibiti, suka ce ciwon na da magani, da an zo da wuri da ya ƙare karatunsa. Yana nan da rai, yana taya ƙanena jiran shago, abokan karatunsa kuwa su ne manya a ofisoshi.

Ni da na tsaya tsaron kada baƙo ya cuce shi, ban taɓa buɗe baki na tambaye shi mi ke cin ransa ba. Iyaye mata 'yan uwana, ku binciki baƙo in kuna so, ban hana ba. Amma lafiya lau ɗin da yaro ke faɗi a gabanku gaisuwa ce kawai. Ku fita ku bar shi da mai tambaya.