Fallen da Akuya Ta Cinye a Fakku

Ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai, ba na jin za ta zubar da abin da ya same ni a Fakku, wata rana da damina.

Lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Tambuwal, ina ji da kaina ƙwarai, don na karanta littattafai sun fi a ƙirga. Shugaban makarantarmu ya sa ni in rubuto sunayen littattafan tarihi masu sauƙi, waɗanda ko manomi mai ɗan karatu zai ɗauka ya ji daɗi. Na rubuto ina taƙama. Wani abokin aikina ɗan ƙasar Kebbe ya duba, ya taɓe baki.

"Duk tarihin manyan birane ne. Namu fa? Kakana na da littafin kafuwar garuruwanmu, na ajami, kuma babu irinsa ko'ina."

Ranar Asabar muka hau babur sai Fakku, garinsu. Muka tarar da tsohon a ƙofar gida, bisa buzu, idanunsa sun daɗe da rufewa. Ya sa aka ɗauko gafaka, ya kwance da hannunsa. Littafin ba ɗinki, ba lambar shafi, fallaye ne kawai jere tsakanin fata biyu. A gindin kowane falle an rubuta kalmar da za ta fara na gaba, da haka ake gane jerinsu. Kakan tsohon ne ya rubuta.

Ni da wayona, sai na ce bari in ɗauki hotonsu da waya. Maimakon in riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda masu abin ke yi, sai na baje su a tabarma kamar mai shanyar kuɓewa. Ban ko ɗaga kai na ga hadarin da ya haɗo daga gabas ba.

Iska ta taso gaba ɗaya. Innalillahi! Takardu suka tashi sama, wasu cikin gero, wasu bakin rijiya. Muka bi su a guje, ni da abokina, muna tsinta muna cusawa cikin riga. Ina juyowa na hangi wata jar akuya tana tauna falle guda, hankalinta kwance. Kafin in kai gare ta ta haɗiye.

Littafin da ya yi shekara da shekaru lafiya, ni na zo na hallaka shi kafin azahar. Muka shiga zaure, ruwa ya sauko, na durƙusa gaban tsohon.

"Allah gafarta Malam, na yi ɓarna. Na hargitsa littafin, akuya kuma ta cinye falle ɗaya."

Ya yi ɗan murmushi. "Akuyag ga ta riga ku karatu. Zamna, ɗana. Karanto mani farkon abin da ke hannunka."

Na karanto kalma biyu, sai ya ɗauka. Ya zubo shafin gaba ɗaya da ka, ina bi da yatsa, ko wasali bai kauce ba. Fallayen da gara ta cinye gindinsu, waɗanda ba mai iya gane mabiyinsu, shi ya riƙa faɗa mana inda kowanne zai zauna. Rijiyoyin da aka fara haƙawa, shekarar fari, waɗanda suka taso da shanunsu suka zauna, duk yana faɗa kamar jiya aka yi. Abokina kuwa hawaye yake yi, don bai taɓa sanin haka kakansa yake ba.

Da muka iso gurbin da ya ɓata, ya ce, "Ka yi allo, ko? Ɗauko tawada. Kai kaɓ ɓata, kai ka rubutawa."

Na rubuta, yana shifta mini. Da na gama ya shafa takardar, ya sa ta a gurbinta, ya ɗaure gafakar.

Bai sake ganin wata damina ba. Har yau in na tuna cewa da mun yi jinkirin shekara ɗaya, da shafin nan ya tafi har abada, sai gabana ya faɗi. Ranar na koyi cewa duk wanda ke da tsoho masani a kusa, ya ɗauki alƙalami ya je ya durƙusa gabansa yau, tun yana iya buɗe baki ya faɗa.